Hannun Hagun Nomau Maƙeri

An ce wani sarki aka taɓa yi a wata ƙasa mai nisa, wanda duk duniya bai ƙi jinin kowa kamar yadda ya ƙi jinin ɓarawo ba. Ba azzalumi ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Ba ya cin dukiyar talaka, ba ya karɓar toshiyar baki, kuma ƙara ba ta kwana a gabansa. Sai dai yana da wata doka da ya ƙago da kansa, yana ji da ita kamar ɗan auta, ba ya son ko da wasa a taɓa ta.

Dokar ita ce, duk ɓarawon da aka kama, a yanke hannun da ya ɗauki kayan da shi. Kayan da aka ƙwato kuwa ba a miƙa wa mai su nan take. Akwai wata tsohuwar kuka a ƙofar fada, a jikinta ake rataye su, su shekara a nan, don duk mai wucewa ya gani ya shiga taitayinsa. In shekara ta zagayo, mai kaya ya zo ya karɓa.

A kwana a tashi kuka ta cika. Ga sirdi, ga tukwanen tagulla, ga tarun masunta, ga turamen zane, har da akushi da tabarmar wata tsohuwa. Idan baƙi suka zo daga wata ƙasa, kafin a kai su masauki sai sarki ya ja su gindin kukar, ya riƙa nuna musu kaya ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin sunan ɓarawon kowanne da sunan ubansa da inda aka kama shi, ba ya kuskure. Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Kuma ku sani, ba ma wulaƙanta wanda muka hukunta. Da an yanke hannu, mai maganin fada ne ke jinyarsa har ya warke, daga rumbunmu yake ci, in ya miƙe mu ba shi aiki." Baƙi su jinjina kai, fadawa su ce, "Gaskiyarka, zaki!" Sarki kuwa ya ji kansa ya yi girma.

Ran nan da tsakar rana, zafi ya kai zafi, dogarai suna gyangyaɗi a inuwar zaure, sai suka ji tim! Suka zabura. Suka tarar da wani mutum kwance a gindin kuka, ya faɗo daga reshe, ya rungume wata jakar fata da ya kwance daga sama. Suka yi masa ɗaurin kawo wuƙa, suka ja shi gaban sarki.

Da sarki ya ji abin da ya faru, sai idonsa ya kaɗa ya yi ja. Sata a kasuwa ya saba ji, sata a kan hanya ya saba ji, amma sata a jikin kukarsa, a ƙofar gidansa, da rana kata? Wannan a wurinsa ya wuce sata, raini ne. Ya dubi mutumin. Ramamme ne, ƙasusuwan wuyansa duk a waje, ya cusa hannunsa na dama cikin riga.

Sarki ya ce, "Kai wane ne?"

Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, sunana Nomau, maƙeri ne ni."

"Me ke cikin jakar?"

"Masaba ce da awartaki da zugazugi, ranka ya daɗe. Kayan ƙirata ne. Nawa ne. A hanyar cin kasuwa aka tare ni aka ƙwace."

Fada ta ɗauki dariya. Waziri ya gyara zama ya ce, "Ya sarki, tun da nake gabanka ban taɓa ganin ɓarawon da aka kama da kaya bai ce nasa ne ba."

Nomau ya ce, "Wallahi nawa ne. Na yi ta zarya ƙofar nan, ana ce mini in jira shekara. Ranka ya daɗe, ga damina ta kawo kai, manoma suna neman fartanya, gidana kuwa ba a ɗora tukunya. Ƙanena ya ce in na samo kayan zai riƙa duka, ni in riƙa kama masa ƙarfe."

Sarki mutum ne mai son a ce ya bincika. Ya juya ga dogarai ya ce, "Cikinku wa ya san mutumin nan?" Suka dubi juna, suka ce masu zuwa ƙofa suna da yawa, ba su riƙe fuska. Ya tambayi waziri, waziri ya ce bai taɓa ganinsa ba. Ya tambayi fadawa, kowa ya girgiza kai. Shi kansa sarki ya ƙura masa ido, ya lalubi zuciyarsa, bai sami komai ba.

Ya ce, "Da wane hannu ya kwance jakar?"

Shugaban dogarai ya ce, "Da hagu muka same shi riƙe da ita, Allah ya ba ka nasara."

Sarki ya ce, "To, bayan la'asar a yanke hagun."

Waziri ya ƙara da cewa tun da yanzu an sake ƙwato jakar daga hannun wani ɓarawo, bisa doka sai a mayar da ita kan kuka ta soma sabuwar shekara. Sarki ya ce haka ne. Nomau ya buɗe baki zai yi magana, dogari ya buge masa ƙeya, aka ja shi gefe aka zaunar a rana.

To, a bayan ganuwar garin akwai wani tsohon malami, Malam Hambali, wanda ya yi karatu har ya ƙoshi, sa'an nan ya juya wa duniya baya. Sarki ya sha aika masa ya zo ya karɓi alƙalanci, yana mayar da manzo da godiya. Wannan abu yana cin ran sarki, ko da yake ba ya faɗa. Saboda haka da aka ce masa bayan azahar ga Malam Hambali a ƙofa, da ƙafarsa, ba wanda ya kira shi, sai fushin da yake ciki ya sauka, ya ce maza a shigo da shi.

Tsoho ya shigo yana dogara sanda, ya yi gaisuwa, ya ƙi hawa kilishin da aka shimfiɗa masa, ya zauna a ƙasa. Sarki ya ce, "Allah gafarta Malam, yau wace rana ce?"

Malam ya ce, "Ya sarki, tsufa ya sa kaina ya toshe. Wasu tambayoyi ne suka tsaya mini a rai, na ji an ce ba a taɓa ɗaura maka magana ka kasa kwancewa ba, na ce bari in kawo."

Abin nema ya samu. Duk fada an san sarki da son irin wannan wasa, balle ga babban malami ya zo neman sani wurinsa. Ya gyara rawani ya ce, "Faɗi, Malam."

Malam ya ce, "Ya sarki, mutum biyu ne suka yi faɗa a kan hanya, kowa ya fito da rauni. Wani mai gida ya ɗauki ɗaya ya kai shi cikin gidansa, ya kira masa mai magani, ya ciyar da shi har kumatunsa suka ciko. Ɗayan ya zo ƙofa, bayin mai gida suka kore shi. Wanne ne cikinsu masoyin mai gidan?"

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai wannan ko yaro ya sani. Na cikin gida shi ne masoyi, na ƙofa kuwa lalle ya taɓa yi wa mai gidan laifi."

Malam ya ce, "Madalla. Ni ma haka na zata. To, ga wata. Kura ta kama akuyar wani talaka. Mafarauci ya bi ta ya kashe ta, ya ƙwato akuyar da ranta. Sai ya ɗaure akuyar a ƙofar gidansa don mutane su riƙa ganin jaruntarsa, 'ya'yan talaka kuwa suna can suna kukan nono. A wurin mai akuya, mene ne bambancin kura da mafarauci?"

Sarki ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Babu wani bambanci, Malam, sai dai ita kura ba ta neman a yabe ta."

Fadawa suka soma dariya, suna cewa sarki ya ƙure magana. Amma shi dariyarsa ta tsaya a tsakiya, don ba wawa ba ne. Maganar na fita daga bakinsa ya ji inda ta sauka. Ya ɗaure fuska.

Ya ce, "Malam, na ga inda ka dosa. A kan ɓarawon can na rana ka zo. To, ka sani ban yanke hukunci da ka ba. Na tambayi dogarai, na tambayi waziri, na tambayi fadawa, ba wanda ya san shi. In da kayan nasa ne, da an yi shari'ar a gabansa, a wannan zauren, da kuma wani ya shaida shi."

Malam ya ce, "Ya sarki, akwai mutum guda a gidanka da ya san shi."

"Wa?"

"Kafin in faɗa, wa ya saci jakar nan tun farko?"

Nan fa aka zo fagen sarki. Ko tunani bai yi ba ya ce, "Tambai ɗan Gagare. A kan hanyar kasuwa ya yi fashin, bayan girbi, aka kama shi a gidan wata mai tuwo. Yana da tabo a gira. Yanzu haka yana bargata yana ba dawaki ruwa."

Malam ya ce, "Kai, wannan riƙo da kyau yake! To, wanda aka yi wa fashin fa, ya sunansa?"

Sarki ya dubi waziri, waziri ya dubi ƙasa.

Malam ya ce, "A kira Tambai."

Aka kira shi. Ya shigo ƙato, jikinsa sumul, ya yi ɓul-ɓul da tuwon fada, dungun hannunsa na dama ya warke sarai. Ya faɗi ya yi gaisuwa. Aka shigo da Nomau daga rana, leɓɓansa sun bushe, aka durƙusar da shi gefe. Tambai na ɗaga kai ya gan shi, sai ya zabura kamar ya taka wuta.

Sarki ya ce, "Ka san wannan?"

Tambai ya ce, "Ranka ya daɗe, ina zan manta shi? Ai shi ne maƙerin. Shi ne mai jakar. Na ce ya saki ya ƙi saki, na sauke masa kulki a hannu har sai da na ji ƙashi ya amsa. Ran da aka yi mini shari'a yana tsaye can, jikin ginshiƙin can, yana riƙe da hannun, jini yana ɗiga. Ni ina ta kallonsa." Ya juya ga Nomau, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Bawan Allah, haka ka koma?"

Sarki ya dubi ginshiƙin. Ya tuna ranar sarai. Ya tuna rigar da Tambai ya sa, ya tuna yadda ya yi ta rantsuwa, ya tuna har tarin da waziri ya yi. Amma a jikin ginshiƙin bai tuna kowa ba. Ashe duk fadar nan, da sarkinta da wazirinta da dogaranta, ba wanda ya riƙe fuskar mutumin da aka zalunta sai wanda ya zalunce shi.

Ya ce wa Nomau, "Fito da hannunka na dama."

Dogari ya sassauta igiya, Nomau ya zaro hannun daga cikin riga. Ya lanƙwashe daga tsintsiya, ya shanye, yatsun sun dunƙule ba su buɗuwa. Sai a lokacin sarki ya gane cewa da hannu guda mutumin nan ya hau kuka, kuma hannun nan guda shi ne ya ce a yanke bayan la'asar. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya hau gadon ubansa.

Can ya ce, "Malam, kai a ina ka san shi?"

Malam ya ce, "A zaurena, ya sarki. Ba shi kaɗai ba ne. Idan an gama shari'a a nan, kowa ya watse yana yabonka, su sai su rasa inda za su nufa, wasu su gangaro wurina. Akwai masuncin da tarunsa ke kan kukarka. Akwai matar da aka kashe mijinta a hanya, aka kashe wanda ya kashe shi, aka ce mata an yi adalci ta tafi gida, har yau in ta ji motsi a bayanta sai ta zube. Akwai tsohuwa mai tabarma, ita kam ta riga mu gidan gaskiya. Ni ba ni da rumbu, ba ni da mai magani. Ƙwaryar fura gare ni da kunne, sai in raka mai tsoro zuwa gida. Wannan kuwa na hana shi hawa kukar, bai ji ba, yunwa ta fi ni murya."

Sarki ya ce, "Me ya hana ka gaya mini tun tuni?"

Malam ya ce, "Laifina ke nan, kuma zan amsa shi gaban Allah. Amma ya sarki, duk wanda ya zo ƙofarka kan maganar kuka, ce masa ake ya jira shekara."

Sarki ya tashi daga kan gado. Fadawa suka yunƙura, ya ɗaga musu hannu. Ya tako har inda Nomau yake, ya sunkuya, ya kwance igiyar da kansa, ya ɗauki jakar ya ajiye masa a cinya. Ya ce, "Kayanka ne. Tambai ya riƙe su kwana kaɗan, ni na riƙe su wata da watanni. Ka yafe mini." Hawaye suka zubo wa Nomau, ya danne jakar da hannun hagu kamar za a sake ƙwacewa.

Daga nan sarki ya shiga ba da umarni, kuma in ana maganar umarni ba a fi shi ba. Ya ce a sauke duk abin da ke kan kuka kafin rana ta faɗi, sanƙira ya zaga kasuwa ya kira masu kaya. Ya ce daga yau duk shari'ar da aka kawo, kafin a tambayi sunan mai laifi a tambayi sunan wanda aka cuta, da gidansa, da bakin da yake ciyarwa. Ya ce a buɗe gida kusa da fada, wanda ba dogari a ƙofarsa, duk wanda aka yi wa sata ko fashi ko rauni ya shiga ya ci, a duba jikinsa, a saurari kukansa, a ba shi wanda zai tsaya kusa da shi ranar shari'a, a kuma raka shi gida in yana tsoron hanya. Wanda aka raba da abin sana'arsa a ba shi aro daga fada har nasa ya dawo. Ya roƙi Malam Hambali ya riƙe gidan. Tsohon da ya ƙi alƙalanci ya ce wannan kam ya karɓa.

Fadawa suka ɗauki kirari, waɗanda ɗazu suka yi wa Nomau dariya su ne kan gaba. Sarki kuwa, mutum ɗan tara, har ya soma jin daɗin kansa, yana ganin ya gyara abin da ya ɓata tun kafin la'asar. Ya ce, "Saura abu guda. A kira mai magani ya gyara masa hannun nan, in ya so ya koma bakin maƙerarsa ya riƙe masabarsa da kansa."

Mai maganin fada ya zo, dattijo mara yawan magana. Ya durƙusa, ya ɗauki hannun Nomau, ya juya shi, ya latsa nan ya latsa can, ya gwada buɗe yatsun suka ƙi. Ya ajiye hannun a hankali.

Sarki ya ce, "Yaya? Duk abin da kake bukata ka faɗa, ko daga wace ƙasa ne a kawo."

Mai magani ya ce, "Ranka ya daɗe, ba maganar abin da za a kawo ba ce. Ƙashin ya riga ya haɗe a karkace, jijiyoyin sun mutu. Wannan hannu ya tafi."

"Ba yadda za a yi?"

"Babu. Karaya ce mai sauƙi, irin wadda nake ɗaurewa kullum. Da an kawo mini shi ran da aka kawo mini Tambai, da tuni yana ƙira."

Kirarin fadawa ya mutu. Tambai ya rufe fuska da hannunsa guda. Nomau ya mayar da nasa cikin riga, ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe. Tun da an bar mini hagun, ƙanena zai yi duka."

Sarki bai koma kan gado ba ran nan. Ya zauna a ƙasa kusa da Malam Hambali, kansa a sunkuye, har ladan ya kira la'asar. Da ya ɗago, sai ya ce wa waziri, "Ka riƙe wannan, ka gaya wa wanda zai gaje ni: hukuncin azzalumi yana iya jiran gobe, amma raunin wanda aka zalunta ba ya jira."